Zaman Gida Bayan Ritaya: Yadda Dattijo Zai Riƙe Kansa

Gabatarwa

Komai daɗewar ma'aikaci a ofis, akwai ranar da zai miƙa makulli ya koma gida. Da yawa daga cikinmu ɗalibai da albashin iyayenmu muke karatu, kuma wasu daga cikin iyayen nan saura musu shekara biyu ko uku su ajiye aiki. Duk wanda ya taɓa ganin dattawa a layin tantance 'yan fansho, kowa rungume da tsohon fayil, ya san wannan magana ba ta wasa ba ce. Akwai wanda ya bar aiki ya zauna a gidansa cikin rufin asiri, akwai kuma wanda kafin shekara biyu ya koma jiran abin da 'ya'ya za su aiko. Wannan maƙala za ta dubi abubuwan da ke raba waɗannan mutane biyu, wato kuɗi da muhalli da lafiya da zaman jama'a, sannan ta taɓo rawar da mu 'ya'ya za mu taka.

Yaushe Ake Ritaya?

A ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci yana ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Akwai waɗanda doka ta ƙara wa wa'adi. Dokar 2012 ta bai wa farfesoshin jami'a damar kaiwa shekara 70, ita kuwa dokar 2022 ta kai malaman firamare da sakandare shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Abin lura shi ne, wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20 zai fita yana da 55, da sauran ƙarfinsa, wataƙila ma autansa bai gama sakandare ba. Ke nan ranar ritaya sananniya ce tun ranar da aka karɓi takardar kama aiki. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Fansho da Yadda Yake Aiki

Kafin 2004, gwamnati ce ke biyan fansho da garatuti kai tsaye daga kasafin kuɗi, kuma bashin 'yan fansho ya yi ta taruwa har ya fi ƙarfin biya. A shekarar 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka yi dokar gyaran fansho wadda ta kawo tsarin karo-karo, ta kuma kafa hukumar PenCom don sa ido. A wannan tsari kowane ma'aikaci yana da asusun ajiya da sunansa a hannun kamfanin kula da fansho. Da farko ma'aikaci na zuba kashi 7.5 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki shi ma ya zuba 7.5. Dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aikin. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka rage a tsohon tsari suna ƙarƙashin hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013. Jihohi kuwa kowace da dokarta. Legas ta shiga tsarin karo-karo tun 2007, Kano da Jigawa kuma suna da nasu tsarin na daban. Don haka abu na farko shi ne ma'aikaci ya san tsarin da yake ciki.

Idan mutum ya yi ritaya, kuma ya kai shekara 50, ana iya ba shi wani kaso a dunƙule, muddin abin da ya rage zai isa a riƙa biyansa duk wata. Ragowar yana da zaɓi biyu a kanta. Na farko, kamfanin fansho ya ci gaba da juya kuɗin yana yankar masa wani abu duk wata, in ya rasu magada su karɓi abin da ya saura a asusun. Na biyu, a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora wanda zai biya shi har ƙarshen ransa. A nan akwai lamunin shekara 10: in ya rasu kafin su cika, magada za su karɓi na sauran shekarun, in kuwa bayan sun cika ne, babu abin gado. Wanda ya zaɓi na farko zai iya komawa na biyu daga baya, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Wannan shawara ce da ya kamata a zauna da iyali a kanta kafin a sa hannu.

Sai kuma batun jinkiri. Ma'aikatan da suka fara aiki kafin 2004 suna bin gwamnati haƙƙin shekarun da suka yi a tsohon tsari, kuma jiran wannan kuɗi ya sha sa mutane su yi watanni ba albashi ba fansho. A Fabrairun 2025 sai da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a ciyo bashin naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho da suka taru. Saboda haka mai hankali yakan tanadi abin da zai riƙe gida na wasu watanni. Haka kuma ya duba takardunsa tun yana ofis. Idan suna ko ranar haihuwa sun saɓa tsakanin fayil ɗin aiki da lambar NIN da asusun fansho, gyaran yana da sauƙi ga mai zuwa aiki kullum, yana da wuya ga wanda ya riga ya koma ƙauye.

Kuɗin Sallama da Tsadar Rayuwa

Babban abin da ke cinye fansho shi ne tashin farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Mu ɗauki misali mai sauƙi. Idan kaya na tashi da kashi 30 a shekara, cefanen da naira 100,000 ke yi bana sai an ba da 130,000 baɗi, baɗin baɗaɗa kuma 169,000. Sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma kasuwa ba ta jiran shekara biyar.

Wannan ne ya sa kuɗin da aka karɓa a dunƙule ke buƙatar taka tsantsan, domin sau ɗaya ake ba da shi. Ranar da labari ya bazu cewa kuɗin Baba sun fito, ranar masu shawara ke yawa. Wani zai kawo maganar motar haya, wani gidan kaji, wani kamfanin da ke ninka kuɗi cikin wata guda. Mutane da yawa sun yi asara lokacin da MMM ta rufe asusun masu zuba kuɗi a Disambar 2016, kuma irinta ba su daina fitowa da sabon suna ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Sana'ar da ta fi dacewa da ɗan fansho ita ce wadda ya fara gwadawa da ƙaramin jari tun yana aiki, ya san ribarta da faɗuwarta. Idan ajiya ce, a yi ta a banki mai lasisi, inda hukumar NDIC ke lamunce kuɗin masu ajiya, kuma tun 2024 lamunin ya kai naira miliyan 5 ga kowane mutum a manyan bankuna. Sannan a kiyaye lambar sirri ta katin cirar kuɗi. Banki ba ya buga waya ya tambayi wannan lamba, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne.

Ina Za A Zauna?

Ga Bahaushen da ya yi aikinsa a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, wannan tambaya tana da nauyi. Wani ya shekara 30 a Agege ko Sabo, a nan aka haifi 'ya'yansa, a nan abokansa da likitansa suke, amma zuciyarsa na gida. In ya koma, abinci da haya sun fi sauƙi, ga dangi, sai dai mai yiwuwa asibiti ya yi nisa, kuma sa'o'insa da yawa sun rasu ko sun watse. In ya zauna, haya za ta riƙa cin fansho. Babu amsa guda ga kowa. Abin da ya kamata shi ne a yanke shawara tun da sauran shekaru, tare da uwargida, domin ita ma rayuwarta ce za ta canja. Mai niyyar komawa ya riƙa zuwa hutu yana kwana biyu, kada ya sauka baƙo a garinsu.

Ko ina aka zaɓa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ɗaki biyu naka ya fi babban gidan haya. Ma'aikacin da aka riƙa yankar masa kashi 2.5 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rancen gida ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, in kuma bai ci rance ba ya nemi a mayar masa da kuɗinsa bayan ritaya. Tun 2022 PenCom ta yarda mai aiki ya ɗauki har kashi 25 na asusun fanshonsa ya biya kason farko na rancen gida, sai dai ya tuna hakan zai rage abin da zai riƙa karɓa daga baya.

Ginin ma a yi shi da tunanin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara, kuma karayar ƙugu na iya kwantar da dattijon da jiya yake zuwa kasuwa da ƙafarsa. Ɗakin kwana ya kasance a ƙasa, kusa da banɗaki. A guji tayil mai santsi, a kankare gansakuka, a rage tsayin dokin ƙofa. A kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, a sa masai na zama saboda gwiwa, a ajiye kujerar wanka. A samu fitilar sola ko tocila kusa da gado, domin tashin dare cikin duhu yana da haɗari.

Lafiya Uwar Jiki

Hawan jini da ciwon suga sukan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, sai su bayyana da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ko raunin gani. Awon jini da ya tsaya a 140/90 ko sama yana buƙatar ganin likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, kada kuma ya haɗa shi da jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gishirin da mutum zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Ta kuma ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako ta cika wannan lissafi, ko zuwa gona ne ko zagaya unguwa da sanyin safiya. Yanar ido kuwa, wadda ke zaunar da tsofaffi da yawa a ɗaki, ana cire ta da ƙaramin aiki a asibitin ido.

Kuɗin magani yana ƙaruwa daidai lokacin da samu ke raguwa. A 2022 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa a madadin tsohon shirin NHIS, jihohi da dama kuma suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. Ya kamata ma'aikaci ya tambaya tun kafin ya fita ko inshorarsa ta ofis za ta bi shi gida, in ba za ta bi shi ba ya yi rajista da kansa.

Zaman Jama'a

Ofis yana bai wa mutum dalilin tashi da safe da abokan hira. Ranar da aka daina zuwa, waya takan yi shiru, kuma kaɗaici na karya dattijo kamar yadda ciwo ke yi. Maganinsa shi ne a sami abin yi mai lokaci: kiwon awaki, ɗan lambu a bayan gida, koyar da yaran unguwa, kwamitin makaranta ko na wurin ibada, sasanta maƙwabta, ƙungiyar 'yan fansho. Zumunta a ƙafa take, kuma mai ziyartar mutane shi ake nema ranar da ba a gan shi ba. A ɓangaren hukuma, an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Duk da haka, yawancin kulawar yau da kullum a gida da unguwa take.

Rawar 'Ya'ya

Kuskuren da mukan yi shi ne mu ɗauka ƙauna ita ce a hana tsoho komai: kada ya je kasuwa, kada ya riƙe kuɗinsa, kada ya taɓa fartanya. Jikin da aka hana motsi saurin mutuwa yake yi, mutumin da aka daina shawara da shi kuma yakan ji an gama da shi. Taimakon da ya fi amfani shi ne mu raka su asibiti, mu koya musu duba asusu a waya, mu gyara banɗaki, mu tara takardun fili da na fansho wuri guda, mu ƙarfafa musu rubuta wasiyya da bayanin bashi. Mu kuma rage buƙatunmu, domin ɗalibin da ke neman sabuwar waya daga kuɗin sallamar mahaifinsa yana cin abincin tsufansa ne.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa zaman gida cikin mutunci bayan ritaya ya dogara ne a kan sanin tsarin fansho, da tattalin kuɗin sallama, da mallakar muhallin da ya dace da tsufa, da kula da lafiya, da riƙe jama'a. Babu ɗaya daga cikinsu da ake haɗawa a wata guda. Mu da ke shirin kama aiki, lissafin shekara 35 zai fara ne daga ranar farko, don haka tanadi ma daga albashin farko ya kamata ya fara. Kafin nan, idan aka tafi hutu, a zauna da Baba ko Inna a tambaye su shekara nawa ta rage, kuma me aka shirya. Allah ya ba iyayenmu tsufa mai albarka, mu kuma ya ba mu ikon kyautata musu.