Uwargida Mai Kiwon Kaji, Kin Tambayi Takardar Likita?

A yau da wuya ki shiga unguwa ba ki tarar da matar aure mai kiwon kaji a bayan ɗaki ba. Da kuɗin adashe ake farawa, a sayi 'yan tsaki hamsin ko ɗari, a yi ta ɗawainiya da su har lokacin Sallah. Amma 'yar uwa, kin taɓa tambayar dillali daga inda kajin suka fito, kuma wane likita ya duba su?

Da yawa daga 'yan tsakin da ake sayarwa a Arewa daga kamfanonin ƙyanƙyasa na Ibadan ake ɗauko su, mota ta ratsa jihohi da su kafin su iso Kano ko Sakkwato. Idan da cuta a jikinsu, tare za su iso.

Darasin 2006

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Nan da nan aka ji ta a Kano da Filato, ta tsallaka har Magarya a Nijar. Safarar kaji na cikin manyan hanyoyin da ta bi. Gwamnati ta hana fita da kaji daga inda cutar ta ɓulla, aka hallaka dubbai, aka tsayar da diyyar Naira 250 kan kowace kaza. A Janairun 2007 cutar ta yi ajalin wata matashiya a Legas. Ta kuma sake dawowa a 2015 da 2021.

Amfanin takardar

Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta bai wa likitocin dabbobi na gwamnati ikon duba dabbobin da za a yi safararsu, su ba da izini ko su hana. Takardar tana nuna inda kajin suka fito, da yawansu, da shaidar an duba lafiyarsu. In an yi zargin cuta, sai a ɗebi samfur a aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato.

Abin da ya rage gare ki

Ki sa maigida ya nemi rasiɗin kamfani da bayanin rigakafin da aka yi wa 'yan tsakin. Sabbin kaji, ko da kyauta ce daga ƙauye, ki ware su aƙalla mako biyu kafin ki haɗa su da na gida. Idan kika ga suna mutuwa farat ɗaya, kai ya kumbura, tukku ya yi shuɗi, ki hana yara taɓa su, a sanar da ofishin likitan dabbobi.

Kada kuma tsoron asara ya sa ki tura su kasuwa cikin gaggawa. Addininmu ya haramta ɓoye aibin haja, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana fita daga garin da annoba ta sauka. Kaza ɗaya marar lafiya tana iya cinye jarin matan unguwa baki ɗaya.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya kare mana iyali, amin.