Sunan Buhu da Natsuwar Mai Saye



Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo kwata zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafarmu a kwano ake sayenta, sunan mai awo shi ne tambarinta. Da gwamnati ta rufe kan iyaka a watan Agusta 2019, sai injinan casa suka yawaita, shinkafar gida ta buhu mai suna ta ƙara yaɗuwa, irin su Umza ta Kano da Labana ta Kebbi.

To, ga abin da muka lura da shi a rumfa. Mai sayen abincin gida yakan sauya buhu saboda ɗan rangwame. Amma in azumi ya kawo jiki, mai sayen sadaka ko zakkar fidda-kai ba ya sauyawa. Mudun Annabi huɗu ne a kan kowane kai, kuma ba wanda yake so ya miƙa wa miskini tsakuwa da sunan ibada. In ya taɓa buɗe buhu ya iske kilo 50 cif, ba algus, sai ka ji ya ce wannan yana da albarka, yana da auki. Daga nan ba naira yake lissafawa ba, zuciyarsa ce ta kwanta da sunan. Ran da ta tashi kuwa, sai Allah. Ku tuna 2006, yadda Larabawa suka ƙaurace wa madarar Arla ta Denmark saboda zanen ɓatanci, alhali madarar ba ta sauya ba.

Wasu cikinmu, ba mu kama suna ba, suna sayen buhunan da aka juye, su ɗura karyayyar shinkafa, su ɗinke. Mu ma an taɓa shigo mana da irinsu ba mu sani ba. Wani dattijo da ya daɗe yana saye a wurinmu ya ɗauki uku don rabo. Bayan salla ya zo, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, kuɗin na yafe, amma da wace fuska zan dubi waɗanda na bai wa?" Bai sake taka rumfarmu ba, ya kuma daina sayen wannan suna ko'ina, alhali kamfanin ba shi da laifi.

Tun daga ranar, kowane lodi ya sauka sai mun ɗora shi a sikeli, mun farke buhu ɗaya cikin goma a gaban dillalin da ya kawo.