Kaya Daidai Ƙarfin Jaki: Amfilifaya Mai Kwalba da Lasifikarta

Sau da yawa samari sukan haɗa kuɗi su sayi amfilifayar jita, irin mai kwalabe a ciki waɗanda suke yin ja kamar garwashi. Ranar biki sai a aro lasifikar maƙwabta a jona, domin murya ta kai nesa. Kafin a gama waƙa ta uku sai ƙauri ya tashi, na'ura ta yi tsit. Tarin watanni ya ƙone. Me ya jawo haka? Bari mu duba tare.

Kowace lasifika tana da gwargwadon yadda take tare wutar da ke bi ta cikinta. Ana auna wannan da om, sunan wani Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idar a 1827. Galibin lasifikun jita om 4 ne, ko 8, ko 16. A cikin amfilifaya mai kwalba kuwa akwai taransifoma tsakanin kwalaben da lasifika, an naɗa ta domin ta dace da wani adadin om. Shi ya sa za mu ga lamba a bayan akwatin, kusa da ramin waya. Waɗansu, kamar na Marshall, suna da makunnin zaɓen 4, 8 ko 16.

In lambar lasifika ta gaza ta amfilifaya, kwalaben za su sha wahala, su yi zafi, su tsufa da wuri, kamar jakin da aka labta wa kaya. In kuwa ta fi ta nesa, haɗarin ya fi girma. Mu tuna da mai jan guga da dukan ƙarfinsa, ashe igiya ta tsinke: baya zai faɗi. Haka ƙarfin wuta yake komowa cikin taransifoma, ya huda rufin siraran wayoyinta. Mafi muni duka shi ne a kaɗa jita babu lasifika a jone sam. Taransifomar nan kuwa tana cikin sassa mafi tsada.

Kada mu ruɗe da amfilifaya mai taransisto. Ita ƙaramin om ne yake ƙona ta, rashin lasifika bai cika damunta ba.

Ga abin da za mu kiyaye:

1. Kafin mu kunna, mu karanta lambobin nan biyu, mu tabbata ɗaya ne.
2. Lasifika biyu masu om 8, in kowace ta shiga raminta a bayan akwatin, yawanci sun zama om 4. In waya ta ratsa ta ɗaya ta wuce cikin ɗayar, sun zama 16.
3. In lamba ta goge, mai gyaran rediyo ya auna da mita. Mai om 8 takan nuna wajen 6.
4. Mu yi amfani da wayar lasifika mai kauri, ba wayar jita ba.
5. Kada kowa ya buɗe akwatin. Wutar ciki takan wuce bolt 400, tana kuma daɗewa bayan an kashe. Iyaye, a tsare yara.

Duba lamba ba ya cin minti ɗaya. Rigakafi ya fi magani.