Layin Jogana da Layin Tokyo, Faɗinsu Ɗaya

Mutumin da ya tashi a ƙauyukan Gezawa, inda layin dogon Nguru ya ratsa gonakin gero da dawa ta Jogana, idan Allah ya kai shi Tokyo ya leƙa ƙarafan tasha, zai ga abin da ya sani. Tazarar ƙarafan biyu a yawancin layukan Japan milimita 1,067 ce, daidai da ta layin da ya iso Kano a 1911. Injiniyoyin Ingila ne suka jagoranci shimfiɗa layin Japan na farko a 1872, daga Shimbashi zuwa Yokohama, kuma Turawan Ingila ne suka shimfiɗa wanda ya riƙa kwasar gyaɗar Kano zuwa Ikko.

Daga nan kamannin ya ƙare.

Tashar Shinjuku ta Tokyo kaɗai tana ganin fasinja sama da miliyan 3 a rana, amma baƙo ba zai ji kamasho yana kiran gari ba. Akwai zane a ƙasa da ke nuna inda ƙofa za ta tsaya, mutane su jeru a nan, na ciki su fito kafin na waje su shiga. Kati ake dangwalawa a ƙofar shiga, irin su Suica da aka fara a 2001. A cikin tarago kuwa tsit kake ji, don amsa waya abin kunya ne. Wanda ya saba da motar kasuwa, inda ake gaisawa a tambayi iyali da damina, zai iya ɗauka fushi ake yi da shi. Da safe cunkoso ya kan kai har numfashi ya yi wuya, kuma layuka da dama na keɓe wa mata tarago nasu.

Sai batun lokaci. Idan jirgi ya makara da 'yan mintuna, tasha kan ba fasinja takardar shaida ya kai wa maigidansa. A 2017 kamfanin Tsukuba Express ya nemi afuwa don jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci.

Yanzu wani sabon layi na tsaga gonakin arewacin Kano. A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil. Faɗinsa milimita 1,435, irin na Shinkansen, jirgin Japan mai gudun tsiya da ya fara aiki a 1964.

Sai dai fitaccen layin Yamanote, mai kewaya tsakiyar Tokyo da jirgi duk bayan 'yan mintuna, har gobe a kan tsohon ma'aunin Jogana yake. Shi ya sa zancen faɗin ƙarfe bai kai tambayoyin manomin Dambatta nauyi ba: ƙarfe nawa jirgin zai tsaya, zai ɗauki buhun wake, kuma ta ina shanun huɗa za su tsallaka zuwa gonar da ta koma ɗaya gefen?