Ɗaki a kan bishiya, tsauni a bakin ƙofa: jan kunne ga masu zuwa hutu Ostiriya

Da zarar watan Yuni ya kama, sai hotuna su cika TikTok da Instagram: ɗan ɗakin katako a maƙale tsakanin bishiyoyi, hazo na tashi daga kwari, kofin shayi a kan baranda. A ƙarƙashin hoton kuwa sai ka tarar da 'yan'uwanmu, musamman ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a Jamus da Italiya, suna zuga juna a je, wai ai dajin Turai lambu ne, komai a tsare yake, ko da silifas ka shiga ka fito lafiya. Wannan magana ta ishe ni. Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma masu irin wannan tunani su ne jirage masu saukar ungulu ke wuni suna kwasowa daga kan duwatsu.

Ɗakunan dai suna nan, ba ƙarya ba ne. A garin Kopfing da ke jihar Ostiriya ta Sama akwai gadar katako da ke ratsa saman bishiyoyi, an buɗe ta a 2005, kuma a wurin akwai ɗakunan kwana da aka ɗora kan dogayen ginshiƙai, kimanin mita 10 daga ƙasa. A Schrems ma, can arewa kusa da iyakar ƙasar Cek, akwai irinsu. Ciki akwai gado da banɗaki da na'urar ɗumama ɗaki, otal ne sosai. Wanda ke da hali ya je ya huta, babu laifi. Abin da ke damuna shi ne washegari da safe, lokacin da baƙo ya sauko daga matakala, ya hango tsauni, ya ɗauka shi ma tsaunin wani sashe ne na otal ɗin.

Tsaunukan Alps sun cinye kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Ostiriya, daji kuma ya rufe kusan rabinta. Tsauninta mafi tsawo, Grossglockner, mita 3,798 ne. Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. A kowace shekara mutum kusan 300 ne ke rasa ransu a duwatsun Ostiriya, kuma da yawansu ba gwanayen hawa da igiya ba ne, masu yawon ƙafa ne kawai: wani santsi ya kwashe shi, wani ya yi tuntuɓe a bakin rami, wani zuciya ta buga masa a tsakiyar hawa. Cikin masu kiran neman ceto, kusan kashi ɗaya cikin uku babu ko ƙwarzane a jikinsu. Hanya ta ɓace musu, ko ƙarfi ya ƙare, ko tsoro ya kama su a inda ba gaba ba baya. Wannan shi ne lambun da ake faɗa?

Abin da ke ruɗar mutane shi ne sauƙin isa. Akwai motocin da ke rataye a igiyar ƙarfe, cikin 'yan mintoci su ɗauke ka daga gari mai zafi su ajiye ka a mita 2,000. Jikinka bai wahala ba, don haka hankalinka bai lura ka sauya duniya ba. Alhali duk mita 1,000 da ka ƙara sama, zafi na raguwa da kimanin digiri 6, ban da iska. Dusar ƙanƙara na iya sauka a can sama ko a watan Agusta. Hadari kuma ya fi haɗuwa bayan azahar, ya zo da tsawa, kuma mutumin da ke tsaye a kan ƙololuwa shi ne abu mafi tsawo a wurin.

Kada wani ya ce wai sai baƙin haure ko marasa ilimi ke faɗawa. A watan Yunin 2022, ɗalibai 99 da malamansu 8 daga Jamus suka maƙale a kan wani siririn doron dutse a kwarin Kleinwalsertal da ke jihar Vorarlberg. Dalili? Malami ya karanta a intanet wani ya rubuta cewa hanyar ɗan yawon shan iska ce bayan an tashi aiki. Wanda ya rubuta gogagge ne, a wurinsa da sauƙi. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi santsi, yara suka firgita, sai da jirage suka yi ta sawu kafin a kwashe su. Turawa ne, malaman makaranta ne, da harshensu aka rubuta allunan hanya. To ina ga wanda duk saninsa da dutse bidiyon daƙiƙa talatin ne?

Sai batun shanu, wanda a nan ne namu suka fi taurin kai. Za ka ji mutum yana cewa shi da ya tashi yana ganin garken Fulani na ratsa unguwarsu, wace saniya ce za ta ba shi tsoro. Ya manta cewa garken da ya sani da makiyayi a gaba da sanda a kafaɗa. A Ostiriya, manoma kan kora shanu zuwa makiyayar kan dutse da bazara su bar su watanni, galibi ba kowa a kusa, kuma hanyoyin masu yawo ta tsakiyar makiyayar suke bi. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba, musamman idan ta ga kare. A Yulin 2014, a kwarin Pinnis da ke Tirol, shanu suka tattake wata Bajamushiya mai shekara 45 har lahira. Tana tafe da karenta, igiyarsa ɗaure a ƙugunta. Shari'ar da ta biyo baya ta girgiza ƙasar. A 2019 kotun Innsbruck ta ɗora wa manomin da ke da shanun diyya mai nauyi, kotun ɗaukaka ƙara ta raba laifin biyu tsakaninsa da marigayiyar, kuma a shekarar aka gyara doka ta yadda mai yawo shi ma yana da alhakin kula da kansa. Duk da haka har yau ana ganin masu rungumar maraƙi don hoto, da masu firgita shanu da gangan don a yi dariya a waya. Dabbar wani ce, dukiyar wani ce. Ko a ƙauyenmu wanda ya yi haka sai an kira shi mara tarbiyya.

Akwai kuma zaftarewar ƙanƙara da hunturu da faɗowar duwatsu, amma waɗannan sun fi shafar masu zurfafawa.

Wanda ya ƙudurta zuwa, ya fara da ƙafarsa: takalmi mai kauri mai kama ƙasa, wanda ya rufe idon sawu. Ya sa rigar ruwa da rigar sanyi a jaka ko da rana na ƙwallewa, da ruwan sha da abin taɓawa. Ya duba hasashen yanayi a daren jajibiri da kuma safiyar ranar, ya fita da sassafe don ya sauko kafin hadari. Allunan hanya rawaya ne, kuma ɗigon da ke jiki yana da ma'ana: ja na nufin akwai wahala da wuraren da mutum zai iya faɗawa, baƙi kuwa na ƙwararru ne, ba naka ba ne. Lokacin da aka rubuta a allo na wanda ya saba ne, kai ƙara a kai. Ka gaya wa masu masaukin inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa. Idan ka ga hanya ta fi ƙarfinka, juya. Ba wanda zai tambaye ka shaidar kaiwa ƙololuwa, iyayenka kuwa suna can gida suna jiran kiranka.

In ka haɗu da shanu, kewaye su daga nesa, ba ihu, ba gudu, ba miƙa abinci. Idan wata ta nufo ka, ja da baya a hankali kana fuskantarta. Duk ƙofar shingen da ka buɗe, ka rufe.

Lambar masu ceto a dutse 140 ce, a Vorarlberg 144, sai 112 da ke aiki a duk Tarayyar Turai. Inda waya ba ta kamawa, alamar neman taimako ita ce fito ko haska tocila sau shida a minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a maimaita. Masu ceton nan akasarinsu 'yan sa-kai ne, aikinsu da iyalansu suke bari su fito neman ka cikin ruwa da duhu, abin da ya kamata mai gangancin ya ji kunyarsa. Jirgin kuma ba sadaka ba ne. Kuɗinsa kan kai dubban Yuro, kuma inshorar lafiya ta yau da kullum galibi ba ta biyan ceton wanda ya je yawon shaƙatawa. Ƙungiyar masu hawa dutse ta ƙasar, Alpenverein, wadda aka kafa a 1862, tana haɗa wa mambobinta inshorar ceto har Yuro 25,000, kuma baƙo ma na iya shiga. Ɗalibin da ke lallaɓa kuɗin haya ya yi wannan lissafi tun yana gida.

Abu na gaba ƙarami ne a ido: kaska. Ta can tana ɗauke da ƙwayar cutar da ke kumbura ƙwaƙwalwa, mai alamu irin na sanƙarau, kuma idan ta kama mutum babu maganin da ke kashe ƙwayar, sai dai jinya. Ostiriya ta fara yi wa jama'a allurar rigakafinta gadan-gadan a 1981, yawancin 'yan ƙasar sun yi, baƙo ne ke shiga ciyawa haka nan. A nemi allurar makonni kafin tafiya, a sa dogon wando, a duba jiki da yamma. In an ga kaska, a cire ta da matsefata daga gindin fata, a hankali. Dabarar shafa mata mai ko kananzir ko kusanta mata ashana a bar ta, ƙara tura dafin take yi. Idan jan zobe ya fito a wurin cizon bayan kwanaki, a ga likita, wata cutar ce daban kuma tana jin magani.

Musulmi ya riƙa tambaya a bukkokin abinci na kan dutse, don busasshen naman alade na shiga har cikin miya da curin burodi.

Masu cewa kuma in kuɗin ɗakin bishiya ya yi yawa sai a kafa tanti a gefe a hura wuta, su sani dokar gandun daji ta 1975 ta ba kowa damar shiga daji da ƙafa don shaƙatawa, amma kwana da kafa tanti sai da izinin mai dajin, hura wuta kuma haramun ne. Dajin da kake gani kamar ba mai shi, yawancinsa mallakin mutane ne. A Tirol dokar jiha ta hana kafa tanti a wajen filayen da aka ware, kuma tara ake ci.