Taimin da man itanol a injin turbo: shirun inji ba shaidar lafiya ba ne

A ƙasashen da ake sayar da fetur gauraye da itanol mai yawa, irin su Amurka da Siwidin, masu son mota mai gudu sun daɗe da gano cewa wannan mai yana ba injin turbo damar fitar da ƙarfin da fetur zalla ba zai bari ba. Kamfanin Saab ya nuna haka a 2005 da motarsa 9-5 BioPower: da fetur tana ba da ƙarfin doki 150, da man mai itanol da ake kira E85 kuwa sai ta kai 180. Inji ɗaya ne. Ƙwaƙwalwar motar ce ke gane man da aka zuba, ta sauya taimin da yawan iskar da turbo ke turawa. Abin da injiniyoyi suka yi da awo da gwaji, shi ne yanzu wasu ke ƙoƙarin yi a gareji da kwamfuta da kunne, kuma a nan ake tafka asara.

Fulogi ba ya jiran fistin ya kai ƙarshen hawansa kafin ya ba da wuta. Yana riga shi da 'yan digiri, domin mai yana ɗaukar lokaci kafin ya ƙone, kuma ana so matsin ƙunar ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan fistin ya juyo ƙasa, wajen digiri 15. Kamar tura yaro a lilo ne: in ka makara ƙarfinka ya tafi a banza, in ka yi gaggawa ku yi karo. Ƙara taimin shi ne matso da wutar nan ta zo da wuri.

Da fetur, injin turbo ba ya ɓoye ɓacin ransa. Turbo na matse iska ta yi zafi, to da an zarce da taimin sai ragowar man ya fashe da kansa, a ji ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa ƙarfe. Akwai na'urar da ke sauraron wannan ƙara, ta sa ƙwaƙwalwa ta ja taimin baya. Itanol ba haka yake ba. Lambar oktan ɗinsa ta kai wajen 108, kuma yana sanyaya iskar da ke cikin silinda yayin da yake zama tururi, saboda haka da wuya ya yi ƙwanƙwasa.

Tarkon ke nan. Kowane inji yana da iyakar da in an kai, ƙarin taimin ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, matsi kawai yake tarawa a kan fistin tun yana hawa. A injin turbo mai shan fetur, ƙwanƙwasa kan zo kafin a kai wannan iyaka, ta tsawata wa mai gyara. Da E85 ana iya wuce ta inji na shiru, na'urar sauraro ba ta ji komai ba, mai mota na murna. Labarin zai fito daga baya: kwanrod ya lanƙwashe, metal ya cinye, ko gasket ya ƙone. Shi ya sa ƙwararru ke ɗora mota a kan na'urar auna ƙarfi, suna ƙara digiri ɗaya-ɗaya, da ƙarfin ya daina hawa su tsaya, har su ɗan koma baya. Duk wanda ya ce da kunne zai yi wannan aiki, a ganina caca yake da injin wani.

Sunan E85 ma bai kamata ya ruɗi kowa ba. A Amurka itanol ɗin cikinsa yana iya zama daga kashi 51 zuwa 83, ana rage shi lokacin sanyi don mota ta tashi da safe. Taimin da aka saita a kan man bazara yana iya yi wa na hunturu yawa, sai dai in motar na da na'urar auna itanol. Sannan inji na shan E85 fiye da fetur da kusan kashi 30, don haka dole nozul da famfon mai su iya kai wannan adadi.

Mu da ke sayen motocin hannu daga waje, ga inda abin ya shafe mu. Motar da kamfani ya ƙera don mai biyu, wadda a Amurka akan gane ta da murfin tanki ruwan ɗorawa, ba ta da matsala da fetur. Abin tsoro ita ce wadda tsohon mai ita ya sauya wa ƙwaƙwalwa don E85 kaɗai. In aka cika ta da fetur, man zai yi yawa, taimin ma ya yi yawa, kuma taka totur sosai kan iya fasa fistin. Kafin ka biya kuɗin mota mai turbo, musamman wadda ka ga an canza mata salansa ko nozul, kai ta a jona mata kwamfuta. In an taɓa ƙwaƙwalwar, a mayar da ita saitin kamfani kafin ka hau titi.