Faifan Haske a Kan Allon Kiristal

Gilashin tabarau yana tattara haske ne saboda lanƙwasarsa. Amma akwai wata dabara: a zana da'irori wata cikin wata, kamar saƙar faifai, suna ƙara sirancewa zuwa baki. Idan haske ya ratsa su, sai ya haɗu a wuri guda. Masani Jacques-Louis Soret, ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana wannan a 1875.

A yau kwamfuta ce ke zana da'irorin a kan allon ruwan kiristal, ɗan'uwan wanda ke fuskar agogon lantarki. Da an sauya zanen, sai mahaɗar hasken ta matso ko ta yi nisa, ba tare da an motsa komai ba.

Sai dai allon ba sumul yake ba. Ɗige-ɗige ne masu kusurwa huɗu, a jere kamar idanun rariya. Wannan jeri yana karkasa haske: maimakon mahaɗa ɗaya, sai wasu ƙanana su bayyana kewaye da ita, ta tsakiya kuma ta rage ƙarfi. Haka nan, kowace da'ira tana bukatar aƙalla ɗigo biyu a faɗinta. Alal misali, allo mai ɗigo 1,000 a jere, kowanne maikiromita 8, ba ya tattara jan hasken leza da kyau a tazarar da ta gaza santimita 10.

Saboda haka, girman ɗigo shi ne ke yanka wa wannan faifai iyaka.